Tambayoyin Masu Karatu: Shin In Kafa Bahon Ruwan Ɗumi a Waje?

Tambaya: Bayan gaisuwa mai yawa, na daɗe ina fama da ciwon baya, kuma a wata tafiya da na yi na shiga irin bahon nan na ruwan ɗumi mai feso ruwa da ƙarfi, wanda ake kira jakuzi, na ji jikina ya saki ƙwarai. Ina son in kafa mai ɗaukar mutum biyar a tsakar gida ko a barandar bene, amma maiɗakina ta ce wahalarsa za ta fi amfaninsa, ga shi muna da ƙananan yara biyu. Mece ce shawararku?

Daga wani mai karatu

Amsa: Malam, Allah Ya ƙara sauƙi. Daɗin da ka ji gaskiya ne, domin ruwan ɗumi yana buɗe hanyoyin jini, yana sassauta tsokar da ta ɗaure, kuma jikin da ke cikin ruwa ba ya ɗora wa gaɓoɓi nauyinsa duka. Asalin abin ma neman magani ne: a shekarar 1956 iyalin Jacuzzi, 'yan asalin Italiya mazauna Kalifoniya a Amurka, suka fitar da wani famfo da ake sakawa a bahon wanka, wanda Candido Jacuzzi ya ƙera saboda ɗansa mai fama da amosanin gaɓoɓi. Sai dai sauƙin da ruwan ke bayarwa na ɗan lokaci ne, ba ya kawar da musabbabin ciwon, don haka kada ya hana ka ganin likita.

Maganar baranda kuwa, a ajiye ta tukuna. Baho irin wanda ka ambata yana cin kimanin lita 1,500 na ruwa, kuma kowace lita nauyinta kilo ɗaya ne. In ka haɗa da nauyin bahon kansa da na manya biyar, ka kai tan biyu ko ka wuce, duk a kan ɗan fili da bai fi mita biyu tsawo da biyu faɗi ba. Sai injiniyan gini ya duba ya amince kafin a ɗora wannan a bene. A ƙasa ma yana bukatar shimfiɗaɗɗen daɓen kankare mai kaurin aƙalla santimita 10, domin in gefe ɗaya ya nutse, jikin bahon yana iya tsagewa.

Sai batun wuta, wanda mai sayarwa ba ya cika son a tsaya a kansa. Ɗaga zafin lita 1,500 daga digiri 20 zuwa 38 a ma'aunin Salsiyas yana cin wajen yunit 31 na lantarki, kuma hita mai ƙarfin kilowat 3 za ta yi fiye da awa goma kafin ta kai shi. Shi ya sa masu shi ba sa kashe shi, suna barin ruwan da ɗuminsa dare da rana, ko za a shiga ko ba za a shiga ba. Yawancin zafin ta sama yake tserewa, saboda haka murfi mai kauri ba kayan ado ba ne. Haɗa wayar kuma aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne, wanda zai sa na'urar da ke yanke wuta nan take in ta zurara cikin ruwa.

Inda nake ganin maiɗakinka ta fi ka gaskiya shi ne kula da ruwan. Ba a zubar da shi bayan kowace shiga, yana zama wata uku ko huɗu kafin a sauya shi, ga ɗumi, ga gumi da man shafawa na duk wanda ya shiga. Sau biyu ko uku a mako za ka tsoma ɗan tsinken takardar gwaji a ciki, ka kara shi da launukan da ke jikin kwalba, ka tabbata kulorin, wato sinadarin da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta, bai gaza kashi 3 cikin miliyan ba, ma'aunin pH, mai nuna yawan tsamin ruwan, kuma yana tsakanin 7.2 da 7.8, sannan ka riƙa cire matatar kana wankewa. In aka yi sakaci, ƙwayar cutar Pseudomonas tana haddasa ƙuraje masu ƙaiƙayi, galibi a inda kayan wanka suka manne wa fata. Wadda ta fi haɗari ita ce Legionella, mai hayayyafa a ruwa mai ɗumin digiri 25 zuwa 45, wadda ake shaƙa cikin feshin ruwan ta kama huhu. A shekarar 1999, a wani bikin baje kolin furanni a Bovenkarspel ta ƙasar Holan, wani bahon da aka kunna don talla ya yaɗa ta ga masu wucewa kawai, fiye da mutum ashirin suka rasu.

Game da yara, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kada wanda bai kai shekara biyar ba ya shiga. Murfin kuma ya kasance mai makulli, domin yaro yana nutsewa ba tare da an ji motsinsa ba. Manya ma kada zafin ya wuce digiri 40, kuma minti 15 zuwa 20 ya isa. Mai juna biyu, musamman a watanni ukun farko, da mai ciwon zuciya ko matsalar hawan jini, su fara tuntuɓar likita.

Ra'ayina shi ne ka dakata har yaran su ƙara tasawa. Kafin nan, nemi wurin motsa jiki ko otal mai irin wannan baho ka riƙa zuwa na wata uku, kana yin alama a kalanda duk ranar da ka je. In alamun sun kai uku a kowane mako, kuma ka yarda cewa gwajin ruwa da wanke matata aikinka ne ba na maiɗakinka ba, sai ka kira injiniya ya auna tsakar gidan.