Tambaya da Amsa: Zan kai yara kallon tsofaffin jiragen ƙasa, amma ina tsoron tsatsa

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Mun yi wa yara alkawarin idan an yi hutu za mu kai su gidan tarihin jiragen ƙasa, irin wanda aka jera tsofaffin jirage a fili. Su uku ne: mai shekara 9, mai shekara 6, da auta mai shekara 3 wanda ba ya zama wuri ɗaya. Abin da ke damuna shi ne tsatsa, domin an ce min ko ƙwarzane ƙarfen ya yi wa yaro sai cutar tetanus. Babansu kuma ya ce in daina tada hankalina, jiragen duk matattu ne, a bar yara su hau su sauka su yi hotuna. Wa ke da gaskiya a cikinmu? Daga uwar yara uku.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ku kai su, kada ki fasa. Sai dai ana kukan targaɗe ne ga karaya a gefe, don maganar Maigida ta fi taki tayar min da hankali.

Bari mu sallami tsatsa tukuna. Ita kanta tsatsa ba ta haifar da tetanus. Ƙwayar cutar tana zaune ne a cikin ƙasa da ƙura da kashin dabbobi, kuma ta rauni take shiga jiki, musamman mai zurfi. Ki duba katin rigakafin yaran, in allurarsu ta cika to ki kwantar da hankalinki. In wani ya yanke, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, in raunin ya yi zurfi a tafi asibiti. Kada ki bari wani mai shisshigi ya zuba masa man birki ko toka wai don jini ya tsaya. Sauran bayanin na likita ne.

Yanzu sai batun "matattu". Wannan kalma ina jin ta kusan kullum daga bakin iyaye, kuma ita ce ke sa mu ihu a filin. Jirgin da ke tsaye a kan layin dogo, da ƙafafunsa, ba a ce masa matacce. Ƙafar ƙarfe a kan layin ƙarfe ba ta da wani riƙo na kirki, wurin da suke haɗuwa bai wuce faɗin ƙaramin kwabo ba. Dalilin ke nan da kan jirgi guda yake iya jan taragu masu yawa, kuma dalilin ke nan da ƙarti kaɗan za su iya tura tarago a kan layi miƙaƙƙe. Taragon fasinja guda yakan kai tan 30 zuwa 40. Abin da ke tsare shi a inda kika gan shi birkin hannu ne, da wani guntun katako ko ƙarfe da ake cusawa gindin ƙafarsa. Birkin hannun nan, a taragu da yawa, wani kambu ne ko sanda da ke gefe ko a ƙarshen tarago, daidai inda hannun ɗan shekara 9 zai kai. Yaro kuwa in ya ga abin murɗawa, sai ya murɗa. Ƙasa ta ɗan gangara kaɗan, ko da ido bai gani ba, ya isa. Kuma tarago in ya fara gangarawa ba ya ƙara, ba shi da inji balle a ji shi.

Sannan da yawa daga cikin waɗannan wurare fili ne na aiki, ana tuƙa jirage a cikinsu. A Didcot ta Ingila, gidan tarihin yana tsakiyar layukan da jirage na yau ke bi, ta cikin tashar garin ake shiga, kuma a wasu ranaku ana hura wutar jiragen tururi a ɗauki baƙi. Steamtown da ke Scranton a Amurka tsohon filin jirage ne da har yanzu ake aiki a cikinsa. Na Nairobi, wanda aka buɗe a 1971, yana maƙwabtaka da babbar tashar birnin. Na New Delhi, wanda aka buɗe a 1977, akwai ƙaramin jirgi da ke zagaya filin ɗauke da yara. Ko a wurin da ba a ɗaukar fasinja, ma'aikata sukan ja wannan tarago su kai shi wajen fenti, su turo wancan. In aka turo guda ya bugi layin taragu, bugun yana bin su ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe ya motsa, alhali direban yana can nesa bai ma san akwai mutum a wajen ba. To ki ɗauka a lokacin auta ya laɓe tsakanin taragu biyu, inda ƙugiyar haɗi da faya-fayan ƙarfen nan suke, yana wasan ɓuya.

Saboda haka ba a shiga ƙarƙashin jirgi, ba a ratsawa tsakanin taragu biyu ko da akwai sarari, ba a taɓa birki, ba a hawa rufi. Daga ƙasa zuwa saman kan jirgi ya kai wajen mita 4, kuma abin da ke ƙasa tsakuwa ce mai kaifi da ƙarfe. Ba a taka saman ƙarfen layi, yana da santsi da mai. Inda layi ya rabu biyu akwai harsunan ƙarfe masu motsi da kan iya kama ƙafa. A tsallaka a wurin da aka shimfiɗa don tsallakawa kawai.

Abin da ya fi ci min rai shi ne hoto. Uba da gemunsa zai zaunar da 'ya'yansa a tsakiyar layi, ya ja baya yana cewa su yi murmushi. In ka yi magana ya ce ai nan gidan tarihi ne. Na ji, yau ba abin da ya faru. Amma me yaron ya koya? Ya koyi cewa layin dogo wurin zama ne, tunda Baba da kansa ya zaunar da shi. Ɗan shekara 6 ba ya bambance layin gidan tarihi da layin da jirgi ke bi, duk ƙarfe biyu ne da tsakuwa. Jirgin kaya mai gudun kilomita 90 a awa yana iya cin fiye da kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya, ko da direba ya danne birki gaba ɗaya, kuma ba shi da sitiyarin da zai kauce. Wanda ya saba hawa rufin tarago a gidan tarihi, ran da ya hau a layin lantarki, wayar da ke sama a ƙasashe da yawa bolt 25,000 take ɗauke da shi, kuma wutar tana iya tsallakowa ta kama mutum tun bai taɓa wayar ba. Su ma masu kula da wasu wuraren ba su kuɓuta ba a wajena. Sai su kafa ɗan allo wanda rana ta cinye rubutunsa, su ce sun sauke nauyi, ko mai gadi ya kau da kai don an ba shi na goro. Rashin shinge ba izini ba ne, Hajiya. Ki gaya wa Maigida in ji ni, da girmamawa.

In kun yi sa'a kun tarar an hura wutar jirgin tururi, to ranar yara ta yi kyau, amma ki riƙe hannun auta. Ruwan da ke cikin tukunyar yakan kusa digiri 200 saboda matsi. Lokacin da jirgi zai tashi, direba yana buɗe wasu ƙananan famfuna a ƙasan gaba don fitar da ruwan da ya taru, sai tururi ya feso gefe da gefe daidai tsayin ƙaramin yaro. Ku ja baya sosai daga gaban jirgin. Ki kuma faɗa musu tun a gida cewa usur ɗinsa yana da ƙara, su toshe kunne, domin yaron da ya firgita gudu yake yi ba tare da duba gabansa ba. In ɓurɓushin kwal ya faɗa ido, ba a murzawa, da ruwa ake wankewa.

Akwai abu ɗaya da ya cancanci tsoron da kika ba tsatsa. A da, ana naɗe tukunyar jirgin tururi da asbestos, wani abu mai zare-zare da ba ya cin wuta, don riƙe zafi. In yana rufe cikin ƙarfe ba ya cutarwa, kuma gidajen tarihi masu kula sun cire shi ko sun toshe. Amma in kika ga jirgin da aka yasar a ƙarshen fili, fatarsa ta ɓare, wani abu fari ko toka-toka mai zare-zare yana leƙowa, ku bar wajen. Ƙurarsa in ta shiga huhu, cutar kan bayyana ne bayan shekaru 20 ko fiye. Tsohon fenti kuma yakan ƙunshi dalma, katakon layi an jiƙa shi da baƙin mai na kashe gara. Don haka a wanke hannu kafin a ci komai, kuma ki lura da auta kada ya kai hannu baki.

Takalmi rufaffe, ba silifa ba. Hula da ruwan sha, don irin filin nan ba inuwa, kuma ƙarfen da ya sha rana yana ƙona tafin hannu. Ku je da safe. Kowane babba ya san yaron da ke hannunsa.

Akwai kawunan jirgi da taragun da aka yi wa matakala aka buɗe don baƙi, a nan za su hau su more. Ki sa babban ya nemo farantin ƙarfen da ke jikin kowane kan jirgi mai ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera shi da shekarar, ya lissafa shekarunsa. Ta tsakiya ta bi da yatsa daga nesa: nan ake zuba kwal, nan ruwa ke tafasa, wannan sandar ce ke tura ƙafa. Babansu ya tsaya kusa da ƙafar jirgi a gwada tsayi, ta wasu jiragen fasinja masu gudu ta kai mita 2. Da kun shiga ƙofa, kafin komai, ki tambayi ma'aikaci ko yau akwai jirgin da zai motsa, da kuma layin da zai bi.