Ciyawar fili tana komawa ruwan ɗorawa a Agusta: kar ka zuba taki tukuna

Malam, ka ce ciyawar filin da kake kula da shi a Birnin Kebbi ta koma ruwan ɗorawa, tana mutuwa wuri-wuri duk da ruwan Agusta, ko ka ƙara mata takin yuriya? Kar ka zuba tukuna. Yawanci a wannan lokaci ƙasa ce ta danne saboda yawan takawa, ruwa ya kwanta, saiwa ta rasa iska. Masu kula da filayen golf huhhuda ƙasar suke yi, sannan su bi ta da yashi. Kai ma samo ƙarfe mai tsini ka caccaka wurin, zurfin ɗan yatsa, ka watsa yashin rafi mai tsabta, ka bi da tsintsiya har ya cika ramukan. Wajen yanka kuma ɗaga wuƙar injin, kar ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayin ciyawar.

Sai dai don Allah kar ka yi wannan aikin ƙasa tana jagab. Ni na taɓa yi washegarin ruwa mai ƙarfi, ƙarfen na fitowa da laka a jikinsa, ramukan suka toshe nan take, wurin ya zama caɓi, aya-aya ta samu gurbi ta mamaye shi. Jira kwana biyu ko uku, sai ƙarfe ya shiga ya fito fes. In kirikiri ce ka shuka, da kanta za ta yaɗo ta rufe gurbin. Idan ka ga sabon toho, sai ka ba ta yuriya kaɗan a Satumba kafin ruwa ya ɗauke.