"Mum's the word": babu uwa a cikin zancen

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Ina aikin jinya a Ingila. Abokiyar aikina ta raɗa mini cewa za a shirya wa shugabarmu walima ba tare da saninta ba, sai ta ɗora yatsa a leɓe ta ce, "Mum's the word." Me ya kawo mama cikin maganar, kuma yaya ake faɗinsa?

Amsa: Malama, Allah ya taimaka. Gaskiya ne mutanen Ingila na kiran uwa "mum", amma wannan "mum" ɗin daban ne, rubutu ne kawai ya haɗa su. Asalinsa sautin da ke fita in mutum ya haɗe leɓɓansa ya ƙi buɗe baki: mmm. Tun ƙarni na 14 ake samunsa a rubutun Turanci da ma'anar shiru, shahararren marubucin Ingila William Shakespeare ma ya yi amfani da shi a farkon shekarun 1590.

Abin da ta ce miki shi ne ki iya bakinki, maganar ta tsaya tsakaninku. Nan ne masu koyo ke yawan zamewa. Ba a faɗa wa yara masu surutu a aji, don ba hayaniya ake tsawatarwa ba, asiri ake roƙon a rufa. Kuma yana tafiya ta fuska biyu: mai ba da sirri zai faɗa don jan kunne, wanda aka ba wa ma zai iya maimaitawa, wato "ba mai ji daga bakina."

Furuci kuwa, kusan "mamz da waad". Wasalin "mum" gajeren a ne, kamar na "dam", kada ki ja shi ya koma u. Harafin s da ke manne gajarcewar "is" ne, kuma z ake ji. "The" ita ce mai wahalar da mu, muna mayar da ita "za" ko "da". In kin yi tajwidi kin huta: harafin zalun ne, kan harshe ya ɗan leƙo tsakanin haƙora. A "word" yawancin mutanen Ingila ba sa furta r, suna jan wasalin ne da sakakken baki ba tare da zumɓura leɓe ba. Amurkawa su kan fito da r ɗin.

Abin da ke burge ni, mu ma da leɓe a rufe muke ƙarasa namu: ya yi gum, ta yi kurum. Ba aron juna aka yi ba, bakin ɗan Adam ne iri ɗaya. Sai dai "gum" ya fi nauyi, don sau da yawa akwai fushi ko taurin kai a ciki, alhali na Turancin da fara'a ake faɗinsa, wani lokaci har da ƙifta ido.

Ki yi amfani da shi da tsaranki a wurin aiki ko cikin hira. A wasiƙar ofis, ko in sirrin marar lafiya ne, ki faɗi abin ƙarara cewa ba a son kowa ya ji.