Lagireton alminiyom na tsofaffin motoci: a saro ko a dakata?

Tambaya: Ina da shagon kayan mota a Ƙofar Ruwa, Kano. Wani dillali ya yi mini tayin lagireton alminiyom guda 50 daga Sin, na Peugeot 504 da tsohuwar Marsandi, kuma farashinsu bai kai na tagulla ba. In zuba kuɗina?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ɗauki biyu ko uku tukuna, hamsin ɗin su jira.

Kasuwa dai akwai ta. Kamfanin haɗa motocin Peugeot na Kaduna (PAN), wanda ya fara aiki a 1975, ya shafe shekaru yana haɗa 504, har yau kuwa akori-kurarta na jigilar buhuna ranar kasuwa. Sai dai mai sayenka ba Ba'amurken da ke ajiye Mustang ta 1967 a gareji don kwalliya ba ne, wanda zai biya ɗaruruwan daloli bai ji a jikinsa ba. Naka direba ne, kuma abin da zai fara tambaya shi ne: in ya ɓule, wa zai liƙe mini?

A nan gizo ke saƙa. Na tagulla, kowane mai gyaran lagireto a bakin titi zai liƙe shi da dalma kafin ka gama shan shayi. Alminiyom kuwa sai waldar argon (walda ta musamman da ake yi da iskar gas ta argon), wadda ba kowane gari ake samunta ba. Masu arha ma sau da yawa da gam aka haɗa bututunsu, ko tankin roba aka matse a kai. In zafin watan Afrilu ya tsaga shi, sai bola.

Ba kushe na alminiyom nake ba. Mai kyau ba shi da nauyi, bututunsa masu faɗi ne, layi biyu nasa kan yi aikin layi uku na tsohon. Amma ba ya shiri da ruwan rijiya ko na burtsatse zalla, wanda direbobinmu suka saba ɗurawa. Injin 504 ƙarfen zubi ne, idan babu ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa, alminiyom ɗin ne zai fara cinyewa daga ciki. Laifin kuma kanka zai dawo.

Ka kai samfurin wurin bakaniken da ka yarda da shi ya ɗaura. A duba ko ƙafafun sun zauna kan ramukan ƙusa, ko bakin tiyo ya dace, domin na Marsandi kan bambanta daga inji zuwa inji. A toshe bakunan, a hura iska, a tsoma cikin baho a ga ko zai yi kumfa.

Batun farashi, lissafa da dalar da za ka sake saro kaya da ita, ba wadda ka saya jiya ba. Tun da aka saki naira kasuwa ta yanke mata farashi a Yunin 2023 'yan kasuwa da yawa sun cinye jarinsu suna zaton riba ce. Ƙara kuɗin kwastan, dako, da na wanda za a dawo maka da shi. Dillalin kuma ya rubuta maka a takarda cewa duk wanda ya yi yoyo cikin wata shida zai musanya. In ya fara kame-kame a kan wannan, mayar masa da samfurinsa.