Tambayi Kawu: Kamfaninmu babba ne, amma ba mu da katin asibiti

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu. Ina gaisuwa, ya iyali, ya ƙoƙari? Ni lebura ne a wani babban kamfani da ke yankin Kudenda a Kaduna, aikinmu lodin kaya a manyan motoci, wani lokaci har da dutin dare. Shekarata huɗu a wurin, albashina naira 75,000. Ma'aikatan ofis da injiniyoyi duk suna da katin asibiti su da iyalansu. Mu da muka shigo ta hannun ɗan kwangila ba mu da komai, alhali riga ɗaya muke sawa mai tambarin kamfanin. A daminar bara 'yata ta kwanta da zazzaɓin cizon sauro har sai da aka yi mata ƙarin jini. Wayata na sayar, na kuma roƙi uwar adashe ta ba ni kwasa kafin lokacina, sannan aka sallame mu. Yanzu maiɗakina tana da cikin wata biyar. Da na yi wa oganmu magana, sai ya ce in je in yi rajistar inshorar gwamnati ta marasa galihu, ai kyauta ce. Kawu, ina da haƙƙi a kan kamfanin nan ko babu? In na buɗe baki ba za a kore ni ba? Mahaifina kuma ya ce inshora caca ce, kada in shiga.
Daga ɗanka, mazaunin Unguwar Mu'azu.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ƙara wa yarinya lafiya, ya sauki mahaifiyarta lafiya.

Kana da haƙƙi, kuma a rubuce yake. A watan Mayun 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wato NHIA, wadda ta maye gurbin tsohuwar NHIS da ta fara aiki a 2005. A tsohon tsari abin ganin dama ne, wanda ya so ya shiga, wanda bai so ba ya bari. Sabuwar dokar ta wajabta shi a kan kowa, kuma ta ambaci duk ma'aikatar gwamnati ko ta 'yan kasuwa da ke da ma'aikata biyar zuwa sama. Biyar fa. Ku da kuke lodi a dutin dare kaɗai kun ninka wannan adadi.

Amma kafin ka tafi neman haƙƙin, sai ka san a hannun wa yake. Ɗauko wayarka ka duba saƙon da banki ke turo maka ranar albashi. Sunan wa ke jiki? Ina kyautata zaton ba sunan da ke bayan rigarka ba ne, sunan kamfanin ɗan kwangilar ne. A takarda shi ne ubangidanka, kuma dalilin da ya sa manyan kamfanoni ke son wannan tsari ke nan: su biya ɗan kwangila dunƙule, shi ya ji da ku. Sai ka ga an yi yarjejeniya a kan kuɗin kowane lebura, a ciki har da kason magani da na fansho, amma daga ofishin kamfani zuwa aljihun lebura kason ya narke. Wani wurin kuma tun asali ba a sa shi a lissafi ba, saboda ɗan kwangilar da ya faɗi farashi mafi araha shi ake ba aikin. Ko wanne ne a cikin biyun, babban kamfanin bai fita ba. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta sha duba irin wannan alaƙa ta mutum uku, kuma akwai shari'o'in da ta ɗauki wanda ya ɗauko ma'aikaci da wanda yake cin moriyar guminsa a matsayin iyayen gida su biyun.

Ni a ofishin kula da ma'aikata na wata masaƙa da ke Kakuri na yi ƙuruciyata. A lokacin akwai ƙaramin asibiti a cikin harabar kamfanin, da nas da likita mai zuwa. Mai shara da manaja layi ɗaya suke bi, fayil ɗinsu a kanta ɗaya yake. Ba wai masu masaƙar sun fi na yanzu tausayi ba ne. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ce ke da ƙarfi, kuma duk wanda ke aiki a ciki ma'aikacin kamfanin ne kai tsaye. Da masaƙun suka rufe ɗaya bayan ɗaya, aikin yi ya yi wuya a Kaduna, sai aka wayi gari mutum na jin tsoron tambayar abin da doka ta riga ta ba shi.

Maganar oganku kuwa ta ɓata mini rai, kuma zan faɗi dalili. Asusun da yake nufi akwai shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ce ta kafa shi, ana kiransa BHCPF, ana zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, wani kaso kuma ya biyo ta hukumomin jihohi don a yi wa marasa ƙarfi rajista. Su wa aka yi dominsu? Tsohuwar da ba ta da mai kula da ita, naƙasasshe, mace mai ciki da yara ƙanana a gidan da babu mai albashi, wanda rikici ya raba da ƙauyensa. Guraben a ƙidaye suke, mazaɓu 255 ne a jihar nan, kowace da ɗan abin da ya zo mata, kuma masu buƙata sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Idan kamfanin da tireloli ke layi a ƙofarsa ya tura leburorinsa can, ya ɗauki nauyin da ke wuyansa ya ɗora wa baitulmali, ya kuma tare gurbin wata bazawara a Rigasa ko Birnin Gwari. Abin ba a nan kaɗai yake ba. A Amurka ma, wani rahoto da ofishin binciken gwamnati mai suna GAO ya fitar a 2020 ya nuna cewa Walmart da McDonald's na sahun gaba a cikin kamfanonin da ma'aikatansu suka dogara da Medicaid, inshorar da gwamnati ke yi wa masu ƙaramin ƙarfi. Kamfani ya ci riba, jama'a su biya kuɗin asibitin ma'aikatansa. Ban ga adalci a ciki ba, a can ko a nan.

Kada ka fahimce ni ba daidai ba. Ban ce laifi ne mai albashin 75,000 ya nemi agaji ba. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne, kai da ɗan abin da ka ɗara shi, kuma kowa ya san inda kuɗin ke ƙarewa kafin tsakiyar wata. In ma'aikatan asibitin mazaɓarku suka duba suka ce maiɗakinka ta cancanta, ta shiga da sunan Allah. Abin da na ƙi shi ne a mayar da wannan madadin abin da ke kan kamfani.

To, ya za ka yi ba tare da ka rasa aikin ba? Tsoronka na kan hanya, ba zan ce maka ba a kora ba. Lebura ɗaya da ya je ofis yana ɗaga murya, gobe sai a ce sunansa ba ya cikin jerin masu duti. Saboda haka kada ka je kai kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku fara tara takardu a natse: katin shaidar aiki, saƙonnin albashi na banki, da takardar ɗaukar aiki. In ba a taɓa ba ku ita ba, wannan ma wani haƙƙin ne, domin Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku da farawa. Sai ku rubuta wasiƙa guda, gajera, cikin ladabi, babu zagi babu barazana, kuna tambayar wane tsarin inshorar lafiya aka yi muku kamar yadda dokar 2022 ta tanada. Ku sa hannu da yawa, a jere ba tare da an nuna wane ne jagora ba. Kwafi ɗaya ga ɗan kwangila, ɗaya ga ofishin kula da ma'aikata na babban kamfanin, ɗaya kuma a buga masa hatimin karɓa ku ajiye a gida. In akwai reshen ƙungiyar ƙwadago a wurin, ku bi ta hannunsu ko da ba ku cikinta. In an yi shiru, akwai ofishin NHIA na jiha, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, duk a garin nan, kuma shigar da ƙorafi ba ya buƙatar lauya.

Sai dai ciki ba ya jiran wasiƙa. Wata huɗu ya rage, kuma irin wannan magana takan ɗauki fiye da haka. A makon nan, ba na gaba ba, ka je asibitin da maiɗakinka take awo ka tambayi mai kula da rajistar KADCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya da jihar Kaduna ta kafa da doka a 2018. Suna da tsari na masu biya da kansu, kuɗin shekara guda a kan kowane mutum. Ka tafi da lambar NIN ɗinta. Ka tambayi abu uku ka rubuta amsar: nawa ne kuɗin bana, yaushe katin zai fara aiki bayan an biya, domin akan yi ɗan jira, sannan in haihuwa ta zo da tangarɗa aka tura ta babban asibiti, me tsarin zai ɗauka. In kuɗin kowa da kowa ba zai samu ba, ka fara da ita da yarinyar da ta kwanta bara. Ka karɓi rasit, kada ka miƙa wa kowa kuɗi a bakin ƙofa.

Shi kuma Baba, kada ka yi musu da shi. Ka zauna ka bayyana masa cewa asusu ne da jama'a ke tarawa, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga ciki, wanda Allah ya ba lafiya kuɗinsa ya taimaki ɗan'uwansa. In zuciyarsa ba ta kwanta ba, ku je tare wurin malamin da ya yarda da shi, ku kwatanta masa tsarin yadda yake, ku ji fatawarsa.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ni mai shara ce a wani banki, ta hannun kamfanin tsafta. A takardar albashina kowane wata ana cire wani abu da sunan lafiya, yau shekara biyu. Ban taɓa ganin kati ba. Da na kai yarona asibitin da aka ce namu ne, sai suka duba kwamfuta suka ce babu sunana.
Daga 'yarka a Tudun Wada.

AMSA: 'Yata, naki ya fi na ɗan'uwanki na sama sauƙin kamawa, domin shaidarki na hannunki. Wanda ya cire kuɗi daga albashin mutum da sunan magani bai kai inda ya dace ba, amana ya ci. Amma ki fara tabbatarwa, don wani lokaci an biya, sunan ne ba a tura ba, ko an rubuta shi ba daidai ba, ko an haɗa ki da wani asibitin daban ba a gaya miki ba. Ki tambayi ofishinku sunan kamfanin inshorar da suke hulɗa da shi, irin waɗanda ake kira HMO, da lambar rajistarki. Duk wanda aka yi wa rajista yana da lamba. In sun ba ki, ki kira kamfanin da kanki ki ji asibitin da aka sa ki da waɗanda aka rubuta a ƙarƙashinki. A tsarin ma'aikata na tarayya, katin kan ɗauki ma'aikaci da abokin aure ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, mara lafiya kuma ya biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Na kamfanoni masu zaman kansu yakan bambanta, wani ma'aikaci kaɗai yake ɗauka ban da iyali, don haka ki nemi a nuna miki a rubuce.

In kuwa aka fara yi miki gobe jibi, babu suna babu lamba, ki yi hoton takardun albashin nan duka, ki kai ofishin NHIA tare da abokan aikinki da ake cire wa irin kuɗin. Rasit ɗin maganin yaron ma ki haɗa da shi, ki nemi a mayar miki da abin da kika kashe.

TAMBAYA: Kawu, injin ya datse wa ƙanena yatsu biyu a wurin aiki. Kamfanin ya biya kuɗin ɗinki, ya ba shi naira 20,000, aka ce ya huta a gida. Ba shi da inshorar lafiya. Shi ke nan?
Daga wani mai karatu a Rigasa.

AMSA: Subhanallahi, Allah ya ba shi lafiya. Ba shi ke nan ba, kuma wannan ba maganar katin asibiti ba ce. Rauni a bakin aiki yana ƙarƙashin Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa. Kamfani ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa, ba a cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci, kuma dokar ta haɗa har da na wucin gadi. Rasa yatsu naƙasa ce ta dindindin, tana da diyyarta daban da kuɗin jinya. Lokaci ne abin kiyayewa: ana son a sanar da kamfani cikin kwana 14, a kuma shigar da buƙatar diyya cikin shekara guda. Ya rubuta sanarwar yau ko da sun riga sun sani da baki, ya karɓi rahoton likitan da ya yi ɗinkin, ya rubuta sunayen waɗanda abin ya faru a gabansu. Kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a wata takarda da ba a karanta masa ba, musamman mai cewa ya karɓi haƙƙinsa duka. Ku je ofishin NSITF da ke nan Kaduna da waɗannan takardu, ko kamfanin ya kai rahoto ko bai kai ba.