Muryar amsa: ayarin mutum huɗu a Baldur's Gate 3

Assalamu alaikum jama'ar gida. To ƙanena, na saurari muryarka har ƙarshe. Kac ce kana buga wasan kwamfutar nan Baldur's Gate 3, kai da kanka matsafi kaɗ ɗauka, ka haɗa da Gale matsafi, da Wyll shi ma mai tsafi, da Shadowheart mai magani, kuna lebul 4, kuma duk sanda kunka shiga sansanin goblin sai a share ku tas. Shi ne kaka tambaya ko ka nemo mai magani na biyu. A'a. Kada ma ka soma. Ba ƙarancin magani ad damuwarka ba. Ba ka da mai tsayawa gaba, kuma ba ka da wanda zai kashe abu da wuri, shi ke nan.

Dubi abin da kah haɗa mana. Matsafa biyu cikin riga zalla, ga Wyll da 'yar rigar fata. Ka kai magina uku wurin gini ba lebura ko ɗaya, to wa zai kwaɓa siminti? Wasan ga da Larian sunka fitar a 2023 kan dokokin Dungeons & Dragons bugu na biyar anka gina shi, kuma mutum huɗu kawai anka ba ka. A dokar, jinin matsafi, wato yawan bugun da shika iya ɗauka kafin shi faɗi, da ƙwaya irin ta ludo mai fuska 6 ake auna shi, na mayaƙi irin Lae'zel mai fuska 10, na Karlach mai fuska 12. Goblin uku su taru kan Gale da kibau, zagaye ɗaya ya kwanta. Kai kuma ka tura Shadowheart ta tashe shi, su sake kwantar da shi. Haka za ku yi ta yi har gurabun tsafinta, wato yawan tsafin da take iya jefawa kafin hutu, su ƙare.

Bar kallon sunan aji, aikin za ka ƙirga. Wa zai tare ƙofa? Wa zai yi kisa kowane zagaye ba tare da ya ƙone gurbin tsafi ba? Wa zai kwantar da taro in sun yi yawa? Wa zai tada wanda yaf faɗi? Sannan in an fita fagen faɗa, wa ad da baki, wa zai buɗe kwado shi kwance tarko? Ayyukan sun fi mutanen yawa, don haka kowa sai ya riƙa biyu. Kai kuwa mutum uku kas sa kan aiki guda.

Gyaran mai sauƙi ne. Kai da Gale aikinku ɗaya, to ɗaya shi zauna sansani. Tunda ba a ajiye naka mutumin, Gale za ka ajiye, ka ɗauko Lae'zel ko Karlach. In kuma Gale ɗin kaka so, je wurin Withers, mai sauya wa mutum aji a sansani, zinari 100 kacal, ka sauya ajinka gaba ɗaya, ka koma mayaƙi ko Paladin, wato mayaƙi mai sulke da ɗan tsafi. Paladin ma ya fi dacewa da kai, don kwarjini shika aiki da shi, kuma a wasan ga wanda yaf fara magana shi ka jefa ƙwaya. Mai kwarjini 16 shina iya ratsa ƙofar sansanin goblin da baki kawai, ba a zare takobi ba.

Lae'zel tun lebul 2 tana da Action Surge, wato ta yi babban motsi sau biyu a zagaye ɗaya, kuma gajeren hutu ka maido mata shi. A lebul 3 ba ta Battle Master, ta samu ƙwayoyi huɗu na dabarun yaƙi, ka zaɓi wadda ka kada mutum ƙasa. Duk wanda yak kwanta, na kusa da shi sau biyu za su jefa ƙwaya su ɗauki mafi girma. Karlach kuwa in ta husata rabin sara da suka da duka kawai ka shigarta. Ko wacce ta yi.

Amma hwa ka sani, wasan ga ba shi da maɓallin da za ka danna abokan gaba su bi mai sulke dole. Mai laushi suke nema. Abin da ka tsare na baya shi ne wuri. Sa mai sulke a bakin ƙofa ko kan tsani, wanda duk yaz zo wucewa ta gefenta ta sare shi kyauta. Masu harbi ka hau da su tudu, tudu shina ƙara maki 2 kan harbi, wanda ke ƙasa kuma a rage mishi 2. Cikin haikalin goblin ɗin akwai katakan rufi da ake hawa, yi amfani da su. Kuma ka fasa gangunan yaƙi kafin ka taɓa kowa, in anka buga su gari duka zai zo kanka.

Yanzu maganar magani, don ita ce ka ci mini rai a zauren ga. Kullum sai wani ya ce Shadowheart ba ta da amfani don maganinta ba shi da yawa. To wa yac ce aikinta cika jini? Yi lissafi. Cure Wounds ƙwaya ɗaya mai fuska 8 da ɗan ƙari, sai ta taka ta je ta taɓa mutum, kuma ya cinye mata babban motsi. Ta maido jini 7 ko 8, goblin ɗaya shi ɗebe shi da sara guda. Riba ina? Healing Word kuwa ƙwaya mai fuska 4 ce, ƙarama, amma motsin gyara ne, wato ƙaramin motsin da ake ba ka kan babban a kowane zagaye, kuma daga nisan mita 18 take jefa shi. Ba don cika jini ake ajiye shi ba, don wanda yaf faɗi ne, a tashe shi daga nesa, ita kuma babban motsinta na nan ta yi wani abu da shi. Mai jini 1 da mai jini 40 saransu ɗaya ne. Cika jini aikin kwalba ne, kowa shi riƙe biyu ko uku a jakarshi, sha motsin gyara ne. Har jifa ana yi da ita ta fashe kan mutum ta warkar da shi. Sai ka ga mutum ya kai ƙarshen wasa da kwalba hamsin bai sha ba, shina kukan babu mai magani. Haba jama'a.

Ainihin aikinta a zagayen farko Bless ne. Mutum uku, kowane hari a ƙara mishi ƙwaya mai fuska 4, haka in za shi kauce wa tsafi. Sara ukun da da sun kuskure yanzu sun shiga, goblin ukun da da sun harbe ka sun mutu. Wannan ya fi kowane magani. Kuma don Allah ka daina harba Fire Bolt da ita. Nata Fire Bolt ɗin da basira shika aiki, basirarta kuwa 10 ce, ba ƙari ko ɗaya, shi yas sa kullum take kuskure. Ba ta baka ko sanda mai kyau, ta tsaya bayan Lae'zel.

Sai tsafin riƙo, wato wanda sai mai shi ya ci gaba da riƙe shi da hankali, nan ayari da yawa ka lalacewa ba su sani ba. Mutum ɗaya tsafin riƙo ɗaya kawai shika iya riƙewa. Ta sa Bless, ka zo ka danna wani mai riƙo, na farkon ya tafi da gurbinshi. Kuma duk bugun da anka yi mata sai ta jefa ƙwayar juriya, ta kai 10 ko rabin ɓarnar, wanda yaf fi yawa, in ba ta kai ba tsafin ya warware. Don haka juriya 14 ko 16 ga duk mai tsafi ba ado ba ne. Tun kafin faɗa ka raba: Shadowheart na riƙe da Bless, Wyll na riƙe da Hex, matsafi shi jefa waɗanda ba su son riƙo. Sleep misali, jini 24 shika kwantarwa a gurbin farko, ƙananan goblin biyu ko uku ke nan sun bar fage. Haste in kun kai lebul 5, kan Lae'zel za ka sa shi, amma ka ɓoye matsafin bayan bango, don in riƙon yak katse ita ce za ta sandare ta rasa zagaye guda a tsakiyar maƙiya.

Na ce ka ajiye Gale, to tsaya, in kai kak koma Paladin lissafin ya sauya: kai, Shadowheart, Gale, sai na huɗu. Nan Wyll ne ya kamata shi ba da wuri, don bakin da shika yi maka yanzu kai ad da shi. Sa Astarion ɓarawo ko Lae'zel. In kuwa kana nan matsafinka, Wyll shi zauna, shi ne bakin ayari, kuma Eldritch Blast ɗinshi ba ya cin gurbi. Ka tabbata ka zaɓa mishi Agonizing Blast da Repelling Blast, ɗaya ƙarin ɓarna, ɗaya tunkuɗa mutum daga kan tudu.

Kwado da tarko ba dole sai ɓarawo ba. Saurin hannu ne ake jefawa, duk mai zafin nama 16 da yak ƙware a kai zai iya, Shadowheart ta sa mishi Guidance, tsafin da ke ƙara maki kan jifar. A tsohon Baldur's Gate na 1998 da Icewind Dale na 2000, can mutum shida ne, kuma in ba ɓarawo tarko zai gama da ku a rami, shi yas sa tsofaffin 'yan wasa har gobe ke cewa dole mayaƙa biyu, ɓarawo, mai magani, matsafi. Dokar can daban ce, bugu na biyu ne.

Lambobi kuma. In kaj je wurin Withers maki 27 za a ba ka ka raba. Lamba mai mara ba ta ƙara komai: 16 ƙari 3 ne, 17 ma ƙari 3, sai 18 ne 4. To a lebul 4 ka lura da abin da kaka ƙarawa. Mai matsakaicin sulke kada zafin namanshi shi wuce 14, abin da yah haura ba ya shiga kariya. Matsafi shi sa Mage Armour da safe, shina nan har dogon hutu. Akwai kuma baiwar da ake zaɓa mai suna Alert, ƙari 5 kan wa zai fara motsi, kuma tunda wasan ga ƙwaya mai fuska 4 kawai shika jefawa wurin, mai Alert kusan kullum shi ka farawa. Matsafin da yaf fara jefa Sleep kafin kowa shi motsa ya gama rabin faɗa.

Kada ka gauraya aji kafin lebul 5. Can ne mayaƙi ka samun sara na biyu, matsafi Fireball mai ƙwaya takwas, Shadowheart Spirit Guardians. Ka ɗebi lebul ɗaya ka kai wani aji, ka jinkirta duk wannan. Fireball kuma ba ya sanin naka, sai in matsafin na Evocation ne, shi ne wutarshi ba ta cin abokai.

Hutu ma lissafi ne. Gajere biyu ake ba ka tsakanin kowane dogo, dogon kuma guzuri 40 shika ci, 80 a matakin wahala na Tactician. Lae'zel da Wyll gajeren hutu ka cika su, matsafi da Shadowheart sai dogo. Ayarinka na yanzu uku cikin huɗu dogon hutu suke jira, shi yas sa bayan faɗa biyu kun zama fanko.

Ka ɗauko hoton allon lambobin kowannensu ka turo nan a duba, musamman juriyar Shadowheart. Kuma ka riƙa danna F5 ka adana wasan kafin kowane faɗa, da zafin ga na Sakkwato kwamfuta na iya mutuwa da kanta ko wuta ta ɗauke kana tsakiyar fama da Dror Ragzlin, ɗaya daga shugabannin sansanin goblin. Sai na ji ka.