Amsa kan manhajar manoman shinkafa: me ya sa ake tsayawa a rajista?

Assalamu alaikum. Malam, ka ce kun gina wa ƙungiyar manoman shinkafa a yankin Argungu manhajar rajista da rubuta bashin taki, an sauke ta amma yawanci ba sa wuce shafin farko, kana tambaya ko a canza launi da hotuna. Ku bar launi tukuna. Ciwon yana wurin rajistar.

Ƙirga abin da kuke nema kafin manomi ya ga amfanin komai. NIN lamba 11, BVN lamba 11, asusun banki 10, lambar waya 11. Lambobi 43 ke nan, ga mutum tsaye a fadama, rana na dukan gilashin waya, hannunsa da laka. In ya kuskure guda manhaja ta goge duka, ba zai dawo ba. A ranar farko suna, ƙauye da lambar waya sun isa. NIN da BVN a neme su ranar karɓar taki, domin a ranar ne yake da dalilin ɗauko takardarsa. In an zo shigarwa, madannan lambobi kaɗai za su fito, a raba lambar kashi uku (3, 4, 4) don ido ya bi, kuma a nuna kuskure a gurbin da ya faru, sauran su tsaya yadda ya rubuta.

Suna ma yana kora mutane. Mutum guda Muhammadu ne a NIN, Mohammed a banki, Mamman a gari. In manhaja sai harafi ya dace da harafi, za ta ƙi mai gaskiya. Ta karɓe shi, ta tura wa sakataren ƙungiya ya tantance. Ranar haihuwa kuwa, a tambayi shekara kawai, ba kalandar da za a ja baya wata ɗari biyar ba.

Sai zaton da kusan kowa ke yi, cewa waya guda mutum guda. A gidaje da yawa uwargida da wayar maigida ko ta ɗanta take amfani. Lambar tabbatarwa da ake turowa ta saƙon tes ta tafi wayar da ke kasuwar Jega, ita tana gida. Ku bar lamba ɗaya ta ɗauki mutum uku ko huɗu, kowa da lambar sirrinsa. Lambar tabbatarwar kuma kada ta mutu cikin daƙiƙa 60, a ba ta minti biyar zuwa goma. A garuruwan kan iyaka irin su Kamba waya kan kama sabis ɗin Nijar, saƙo ya makara.

Inda aka fi shan wahala shi ne sabis. Manomi ya danna "Aika", waya ta yi shiru, ya sake dannawa, ya sake. Sabis na dawowa sai a rubuta masa buhu biyu sau uku, a ce ana bin sa shida. Daga ranar ba shi kaɗai kuka rasa ba, har mutanen majalisarsa. Gyaran yana da matakai. Da an danna, madannin ya kulle, rubutu ya fito nan take: "An ajiye a wayarka, za a tura in sabis ya dawo." Bayanin ya zauna a cikin wayar ko da caji ya ƙare. Kowace shigarwa a ba ta lambar shaida tun daga wayar, ta yadda in ta iso sau uku za a karɓi ɗaya a watsar da biyu. In ta isa, a aika masa saƙon tes mai suna, yawan buhu, kuɗi da rana. Wannan saƙon shi ne rasit ɗinsa, kuma shi zai nuna in gardama ta tashi lokacin biya da shanshera.

Masu ƙaramar waya kuma fa? In kun yi musu USSD (tsarin danna lamba mai * da #), shafi guda ba ya ɗaukar fiye da harafi 182, kuma layin yana yankewa in mutum ya daɗe yana karatu. Zaɓi huɗu a shafi, mataki uku zuwa huɗu a gama, in ya yanke a ci gaba daga inda aka tsaya. Ga abin da ke ba masu rubuta manhaja mamaki: harafi ɗaya mai lanƙwasa (ƙ, ɗ, ɓ) yana sauke saƙon tes daga harafi 160 zuwa 70, sai saƙo guda ya zama uku, kuɗin ma haka, wasu ƙananan wayoyin kuma akwati suke nunawa. A saƙon tes da USSD a rubuta k, d, b, a cikin manhaja a sa masu lanƙwasa.

Lissafi ya zama da buhu da kwano. Buhun taki kilo 50 ne, manhaja ta juya zuwa kilo da kanta.

Launin da ka tambaya, abu biyu ne kawai: bambancin hasken rubutu da na bango kada ya gaza 4.5 zuwa 1, girman madanni kada ya gaza 48dp (ma'aunin girma a gilashin waya) kamar yadda ƙa'idar Android ta ce. Rubutu ruwan toka a kan fari kyau gare shi a ofis, a rana ɓacewa yake yi.

Kafin ku taɓa komai, ku yi gwaji. Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da manhaja, ya nuna a 2000 cewa mutum biyar kan tono kusan kashi 85 na matsalolin amfani. Ku zaɓi biyar da ba ma'aikatanku ba: dattijo, mace, wanda boko bai yi masa nisa ba, mai tsohuwar waya da ta cika. A wayarsu, a waje, da datarsu (ku mayar musu). A ce, "Yi rajista ka rubuta buhu biyu," sannan a yi shiru. Kada a tambaye su ko ta yi kyau, kunya za ta sa su ce ta yi. A rubuta inda yatsa ya tsaya da inda ya miƙa wa yaro waya. Ku gyara uku mafi muni, mako mai zuwa ku sake da wasu biyar, mata kuma mace ta zauna da su.